Burtalin Sama: Yadda Aka Shata wa Jirage Hanya a kan Teku da Hamada

Idan malamin makaranta ya ɗauki ƙwallon taswirar duniya, ya danne bakin zare a kan birnin Faris, ya miƙa ɗaya bakin zuwa Abuja, zai tarar zaren ya ratsa ta kan ƙasar Dakoro a jihar Maraɗi. Idan ya mayar da bakin zaren Landan, nan ma ƙasar Dakoro zai ratsa, sai dai ya ɗan karkata yamma. Wannan zare shi ne hanya mafi gajarta tsakanin biranen, kuma shi ne dalilin da ya sa manoma da makiyayan Korahane, waɗanda ba su da filin jirgi a kusa, sukan hangi jirage suna wucewa can ƙololuwa, kilomita 10 zuwa 12 bisa gonakin gero, da rana farin layi, da dare ƴar fitila mai ƙyaftawa.

Amma jirgi bai cika bin zaren nan sak ba. Iska takan karkatar da shi, doka takan karkatar da shi, haka nan tsoron karo da wani jirgin, har ma da rikicin ƙasashe. Tarihin sufurin sama na shekara ɗari da suka wuce, in an dube shi ta wannan fuska, tarihi ne na ƙoƙarin sama wa jirgi hanya mafi sauƙi da arha ba tare da an yi kasada da rayuka ba. Inda aikin ya fi wuya shi ne kan teku, domin babu tudun da za a kafa na'urar hangen jirage. Masana harkar kuwa sun daɗe suna lissafa sararin Sahara cikin dangin teku, saboda matsalarsu ɗaya ce: faɗi mai yawa, ga rashin ido. Don haka labarin tekun Atlantika da na sararin Nijar tare suke tafiya.

Zamanin zango-zango

A watan Yuni na 1919 wasu Turawan Ingila biyu, John Alcock da Arthur Brown, suka tashi daga tsibirin Newfoundland suka sauka a Ailan bayan kusan awa 16, su ne na farko da suka ƙetare Atlantika cikin jirgi ba tare da yada zango ba. Ba a cika shekara ba hamada ta nuna nata halin. A watan Fabrairu na 1920 jirgin da ke ɗauke da janar Laperrine na Faransa ya tashi daga Tamanrasset ya nufi Tumbutu, ya ɓace hanya, mansa ya ƙare, ya faɗi cikin rairayi. Janar ɗin ya cika a farkon Maris kafin masu nema su iso. A 1933 wani matuƙi ɗan Ingila, Bill Lancaster, ya faɗi a kudu da Reggan yana kan hanyar Gawo, kuma sai a 1962 aka tsinci gawarsa a gindin jirginsa. Haka teku ta yi wa Jean Mermoz, wanda a watan Mayu na 1930 ya kai wasiƙu daga Saint-Louis ta Senegal zuwa Natal ta Birazil, tafiyar kilomita 3,000 da ɗoriya cikin kusan awa 21. Ranar 7 ga Disamba 1936 ya tashi daga Dakar zai sake ƙetarawa, aka ji saƙonsa na ƙarshe ta rediyo, ba a ƙara ganin sa ba, ba a ga jirgin ba.

Matuƙan wancan zamani tafiyar fatake suka yi. Jirgi ba ya iya dogon zango, don haka hanyarsa ita ce jerin wuraren da zai sami mai da ruwa, kamar yadda rijiyoyi suke shata hanyar ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma. A kan hanyar Reggan zuwa Gawo wani kamfanin safara na Faransa ya jera gangunan mai a matsayin alamu, har ganga ta biyar ta zama zangon motoci da jirage, aka san wurin da suna Bidon 5. A tsakiyar shekarun 1930 jiragen fasinja na Faransa da na Beljiyam suna bin Aljeriya, Gawo, Yamai, Damagaram da Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, har zuwa Kwango, suna kwana a hanya kamar matafiyan ƙasa.

Ingilishi kuwa ta gabas suka ɓullo. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen soja uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, su ne na farko da suka taɓa ƙasar Najeriya. A 1936 aka fara jigila tsakanin Hartum da Kano. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe Bahar Rum, daga 1940 sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi a akwatuna zuwa Takoradi ta Gana, a harhaɗa su, su tashi ayari-ayari ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy da Hartum har Alƙahira, jirgi ɗaya mai ɗauke da masanin hanya yana gaba kamar jagaban ayari. Dubban jirage suka bi wannan hanya, wasu ma daga Amurka suka zo ta Birazil suka ƙetare kudancin Atlantika suka haɗe da ita. A nan ne hanyar teku da ta ƙasar Hausa suka fara zama igiya ɗaya.

Wa ke da sama?

Yaƙi bai ƙare ba ƙasashe suka taru a Shikago, ranar 7 ga Disamba 1944 suka sa hannu a kan yarjejeniyar da har yanzu ita ce tushen dokar sufurin sama. Sashenta na farko ya ce kowace ƙasa ita ke da cikakken iko da sararin da ke bisa ƙasarta. Sararin da ke bisa tsakiyar teku ba na kowa ba ne, don haka hukumar da yarjejeniyar ta haifa, wadda masu Faransanci ke kira OACI, masu Ingilishi ICAO, mai mazauni a Montreal, ta yanka shi gunduwa-gunduwa ta ba ƙasashen gaɓa amanar kula da shi. Amana ce ta ba da hannu da yin ceto, babu mallaka a ciki.

Ƙasashen Afirka renon Faransa sun tarar da wannan tsari suna gab da samun mulkin kai, ba su da kuɗi, ba su da ƙwararru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar 12 ga Disamba 1959, a Saint-Louis, suka kafa hukuma ɗaya tare da Faransa, wato ASECNA, domin ta kula musu da sararinsu gaba ɗaya. Hukumar, mai hedikwata a Dakar, tana riƙe da sararin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita miliyan 16 da ɗoriya, an raba shi yanki shida: Dakar ta tudu, Dakar ta teku, Yamai, Njamena, Brazzaville da Antananarivo. Sararin Korahane yana cikin yankin Yamai. Jirgin da ya taso daga Turai, masu ba da hannu na Aljeriya ne ke miƙa shi ga na Yamai, su kuma su miƙa shi ga na Najeriya, wadda dukkan sararinta ake kira yankin Kano saboda tarihin da aka ambata. A Yamai ɗin ne kuma aka kafa makarantar EAMAC a 1963, inda ake horar da masu ba jirage hannu da masana yanayi na ƙasashen hukumar. Ma'aikacin da ke zaune a Dakar yana kula da jirage a tsakiyar Atlantika da takwaransa na Yamai mai kula da Tenere, sau da yawa aji ɗaya suka fito.

Hanyar da ake sake shatawa kullum

Wurin da aka fara ƙirƙiro dabarun tafiyar da cunkoso a kan teku shi ne arewacin Atlantika, tsakanin Turai da Amurka ta Arewa. A watan Oktoba na 1958 manyan jirage masu gudu suka fara ɗaukar fasinja a wannan hanya, cikin ƴan shekaru kuwa ta zama mafi cunkoso a dukkan tekunan duniya. Kafin annobar 2020 jirage fiye da dubu ne ke ƙetare ta kowace rana.

Abu biyu suka sa aikin ya yi wuya. Na farko, kowa lokaci ɗaya yake son tafiya. Jirage suna barin Amurka da yamma domin su isa Turai da safe, sannan su juya da hantsi, saboda haka zirga-zirgar kamar garke biyu ce, ɗaya ya yi gabas da dare, ɗaya ya yi yamma da rana. Na biyu, akwai wani kogin iska a sama, a daidai tsayin da jirage ke tafiya, wanda ke kwarara daga yamma zuwa gabas, gudunsa yakan wuce kilomita 200 a awa, wani lokaci ma 300. Mai zuwa gabas yana son ya hau shi, mai zuwa yamma yana son ya kauce masa, kogin kuma ba ya kwana inda ya yini. Don a ga ƙarfinsa, a watan Fabrairu na 2020 wani jirgin British Airways ya tashi daga Niyok ya sauka a Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da aka saba yi cikin awa shida da wani abu.

Na'urar rada ba ta hango abin da ya wuce kimanin kilomita 400 daga inda aka kafa ta, rediyo mai sauti tangaran shi ma iyakarsa ke nan. Da jirgi ya wuce haka, babu abin da ya rage sai rediyo mai gajeren zango, irin wanda mutanen karkara suka sani wajen kama tashoshin ƙasashen waje, da ƙararsa da shashsheƙarsa. Matuƙi yakan faɗi inda yake kusan sau ɗaya a awa, mai ba da hannu ya rubuta, ya yi lissafin inda zai kai. Wanda ba ya gani dole ya bar rata mai yawa. Aka tsayar da mil 60 na teku, wato kilomita 111, tsakanin hanya da hanya, da minti 10 tsakanin na gaba da na baya, da ƙafa 2,000 tsakanin na sama da na ƙasa.

Daga shekarun 1960 aka shiga shata hanyoyi sababbi sau biyu kowace rana bisa ga hasashen iska. Cibiyar Gander ta Kanada ita ke shata na dare masu zuwa gabas, cibiyar Shanwick kuwa, wadda sunanta haɗi ne na Shannon ta Ailan da Prestwick ta Sikotilan, ita ke shata na rana. Ana ba kowace hanya harafi. Kamfanoni su aiko da hanyar da suke so, a duba, a jera. Wanda ya sami hanyar tsakiya, inda iska ta fi kyau, ya ci riba. Wanda aka tura gefe ko aka hana shi tsayin da yake so, ya ƙona ƙarin mai. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, in ji Hausawa, kuma shekara da shekaru kamfanoni suka biya wannan farashi don babu wata dabarar.

Abin da mutumin Dakoro ya riga ya sani

Wannan tsari ba zai zama baƙo ga mutumin Korahane ba, domin ƙasar Dakoro wuri ne da gona da makiyaya suka yi iyaka. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kuma ta wannan yanki na kwarin Tarka ta bi. Da damina dabbobi suna hawa arewa, da kaka suna gangarowa kudu, dukkansu a lokaci ɗaya, ta tsakanin gonaki. Maganin da aka gada shi ne burtali, hanya mai faɗi sananne wadda manomi ba ya nomewa, makiyayi ba ya fita daga cikinta. Kundin dokokin karkara na 1993 ya ba burtali matsayi a doka, ya kuma kafa kwamitocin kula da filaye, aka bi manyan burtulan jihar Maraɗi ana kafa musu turakun siminti. A 1998 ƙasashen CEDEAO suka amince da takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi, wadda ke nuna yawan garke da hanyar da zai bi, kamar yadda matuƙi ke miƙa takardar tsarin tafiya kafin ya tashi. Abin da ya faru a Toda a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari, ya nuna abin da kan biyo baya idan hanya ta toshe, amana ta karye.

Burtali ba shi ne hanya mafi gajarta ba, makiyayi ya san haka. Ana bin sa ne domin babu mai iya tsare kowace saniya da ido, sai a tsare hanyar. Hikimar hanyoyin sama ke nan. Bambancin shi ne burtalin ƙasa yana nan inda kakanni suka bar shi, na teku kuwa kullum sai an sake shi. Hanyoyin da ke bisa Sahara sun fi kama da na ƙasa, domin kafaffu ne, an ja su daga wata tashar rediyo zuwa wata, daga Tamanrasset zuwa Agadas ko Yamai, daga can zuwa Kano.

Shekarun fargaba

A sararin Afirka ta Yamma garke biyu ne ke giftawa. Na farko shi ne na arewa da kudu, tsakanin Turai da Legas, Abuja, Kinshasa da Johannesburg, yawancinsa da dare. Na biyu shi ne na gabas da yamma, wanda ke cika maƙil lokacin aikin Hajji, sa'ad da jiragen alhazai ke barin Dakar, Bamako, Yamai, Kano da Sakkwato zuwa Jidda da Madina. Inda hanyoyi suka gifta juna babu rada, nan ne hatsari yake. Ƙa'idar da ke raba su ita ce ta tsayi: mai fuskantar gabas ya ɗauki tsayi mai lambar mara, mai fuskantar yamma ya ɗauki mai lambar cika.

Da mulkin wariyar launin fata ya kau a Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1990, zirga-zirgar arewa da kudu ta ƙaru ƙwarai, kayan aikin ƙasa kuwa ba su ƙaru ba. A 1996 ƙungiyar matuƙan jirage ta duniya ta bayyana cewa mafi yawan sararin Afirka yana da naƙasa mai tsanani. Matuƙa suka dogara da wata dabara ta taimakon kai da kai: kowa ya buɗe rediyonsa a kan zango 126.9, ya riƙa shelar sunansa da tsayinsa da inda ya nufa, ko da wani na kusa yana ji, kamar masu tafiyar dare a daji da ke gyaran murya don kada su yi karo. Ranar 13 ga Satumba 1997 abin da ake tsoro ya auku a kan teku, yamma da gaɓar Namibiya, inda jirgin sojan Jamus da na sojan Amurka suka yi karo a tsayi ɗaya, mutum 33 suka halaka.

Rashin ido yana da wata illar, wato jinkirin sanin cewa jirgi ya ɓace. Ranar 19 ga Satumba 1989 bam ya tarwatsa jirgin kamfanin UTA da ya taso daga Njamena zuwa Faris a sararin Tenere, da mutum 170 a ciki. Sai da jirgin nema ya yi shawagi kafin a gano tarkacensa a cikin rairayi, inda a 2007 iyalan mamatan suka gina abin tunawa da baƙaƙen duwatsu. Shekara 20 bayan wannan hatsari, ranar 1 ga Yuni 2009, jirgin Air France mai lamba 447 daga Rio de Janeiro zuwa Faris ya faɗa teku da mutum 228, yana gab da fita daga yankin Birazil ya shiga na Dakar. Ƙanƙara ce ta toshe na'urorin auna gudunsa cikin hadari, matuƙan suka kasa shawo kansa. An yi awoyi cibiyoyi suna tambayar juna ko an ji ɗuriyarsa kafin a ta da masu ceto, kuma sai a 2011 aka gano gangar jirgin a zurfin kusan mita 4,000. Hanyar da ya bi tana cikin ƴan hanyoyin da suka haɗa Turai da Amurka ta Kudu ta kan tsibiran Kanari da Kap Ber, wato burtalin da Mermoz ya buɗe.

Gani ya kori ji

Gyaran ya zo mataki-mataki. A 1985 aka fara barin jirage masu inji biyu su yi nisan minti 120 daga filin sauka mafi kusa, maimakon minti 60, wannan ya ba su damar miƙewa ta tsakiyar teku. A watan Maris na 1997, da na'urorin auna tsayi suka inganta, aka rage ratar sama da ƙasa a arewacin Atlantika daga ƙafa 2,000 zuwa 1,000, kimanin mita 300. Tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000 hawa bakwai ne a da, suka koma 13, kamar an yi wa burtali bene. Afirka ta shiga wannan tsari ranar 25 ga Satumba 2008, bayan shekaru ana tantance jirage da horar da ma'aikata. A cikin shekarun nan ne kuma ASECNA ta kafa rada a manyan cibiyoyinta har da Yamai, ta dasa ƙananan tashoshin rediyo a cikin hamada waɗanda tauraron ɗan'adam ke haɗa su da cibiya. Sai dai tsakanin Yamai da Dakoro akwai kimanin kilomita 500 a miƙe, wato sararin Korahane ya wuce inda radar Yamai ke kaiwa.

Ci-gaban ya zo da nasa abin mamaki. Da jirage suka koma bin GPS, sai suka riƙa tafiya daidai kan tsakiyar layi, ba kaucewa ko ta mita ɗari. A da, ɗan kuskuren na'ura shi ke warwatsa su. Yanzu in aka yi kuskuren tsayi, karo ne kai tsaye. Don haka aka ba matuƙa izinin su ɗan koma dama da layin, mil ɗaya ko biyu, a kan teku da wuraren da babu rada.

Babban sauyi ya zo ne daga sama. Jiragen zamani suna shelar inda suke da kansu a kowace daƙiƙa, amma a da sai tashar ƙasa ce ke iya kama shelar. Daga 2017 zuwa farkon 2019 aka harba sababbin taurarin kamfanin Iridium, 66 daga cikinsu suna aiki a lokaci ɗaya, kowanne da na'urar kama wannan shela ta kamfanin Aireon. A ƙarshen Maris na 2019 masu ba da hannu na Gander da Shanwick suka fara ganin jirage a tsakiyar teku a kan allo, abin da bai taɓa faruwa ba. Ratar gaba da baya, wadda a zamanin minti 10 takan kai kilomita 150, ta sauko zuwa mil 14, wato kilomita 26. ASECNA, a ƙarƙashin jagorancin Mohamed Moussa ɗan Nijar, wanda ya shugabance ta daga 2017 zuwa 2024, ta ɗauki wannan fasaha a yankunanta shida tun daga 2020. Daga nan sararin Tenere da na Tarka suka shiga allo.

Da ido ya samu, sai aka fara tambayar amfanin burtalin kansa. Masu bincike na jami'ar Reading ta Ingila sun lissafa a 2021 cewa da jirage za su bi iska yadda ya fi dacewa, wasu tafiye-tafiyen za su rage mai har kashi 16 cikin ɗari, ko da yake yawancinsu ragin bai kai haka ba. Ragin ba ƙaramin abu ba ne, domin kowane kilo na man jirgi da aka ƙona yana sakin kilo uku da ɗoriya na iskar da ke ɗumama duniya, ƙasashen Sahel kuwa suna cikin waɗanda ɗumamar ta fi shafa. A watan Maris na 2021, sa'ad da annoba ta rage zirga-zirga, aka wayi gari karon farko cikin shekaru da dama ba a shata ko hanya ɗaya a arewacin Atlantika ba, kowane jirgi ya zaɓi tasa. Daga Maris na 2022 aka soke hanyoyin daga tsayin ƙafa 33,000 zuwa ƙasa.

Ƙofar da ƙasa ke riƙe da makullinta

Na'ura tana iya gajarta hanya, amma ba ta soke sashen farko na yarjejeniyar Shikago ba. Daga 1963 ƙasashen Afirka masu ƴanci suka hana jiragen Afirka ta Kudu ratsa sararinsu, dole suka riƙa zagaye nahiyar ta kan teku suna shan mai a tsibirin Sal na Kap Ber, kusan shekara 30. A 2023 duniya ta sake ganin irin haka. Sararin Libiya kamfanoni da yawa sun daɗe suna guje masa, na Sudan ya rufe da ɓarkewar yaƙi a watan Afrilu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, hukumomin Nijar suka rufe sararin ƙasar ranar 6 ga Agusta. A daren nan wasu jiragen da ke sama suka juya, wasu suka sauka a inda ba su yi niyya ba. Makonni huɗu jiragen Turai da kudancin Afirka suna zagayawa ta yamma ko ta Bahar Maliya, da ƙarin ɗaruruwan kilomita, wasu har kusan dubu, kafin a buɗe sararin ranar 4 ga Satumba. A ƙarshen watan aka hana jiragen Faransa shiga. Abin da masu lissafi suka yi shekaru suna tsimi minti-minti, sanarwa ɗaya ta cinye shi.

Wannan ya fito da abin da ba a cika koyarwa a darasin labarin ƙasa ba. Nijar ba ta da gaɓar teku, ana kuma yawan lissafa wannan cikin raunin tattalin arziƙinta, amma a taswirar sama tana kan mararraba. Kowane jirgi da ya ratsa yana biyan kuɗin hanya gwargwadon nauyinsa da nisan da ya yi, kuma wannan kuɗi shi ne babban abin da ke tafiyar da ASECNA. Tare da kuɗin akwai nauyi, wato horar da ma'aikata, kula da na'urori a wuraren da babu wutar lantarki, auna yanayi, da fita neman jirgin da ya ɓace. Sarakunan Agadas da na Damagaram sun karɓi fito daga ayarin da ke ratsa ƙasarsu, fatake kuma sun biya ne domin a tsare musu hanya. Duk lokacin da tsaro ya gagara, ayari kan sauya hanya, kasuwa ta bi shi.

Kammalawa

An shata wa jirage hanya a kan teku da hamada ne domin ba a iya ganin su, aka sayi lafiya da ƙarin mai da ƙarin lokaci. Cikin shekara ɗari aka tashi daga gangar mai a kan rairayi zuwa rediyo mai gajeren zango, daga nan zuwa tauraron ɗan'adam, kowane mataki yana rage rata yana miƙar da hanya. Abin da bai canza ba shi ne dogaron kowa ga alkawari: matuƙi ya tsaya a tsayin da aka ba shi, cibiya ta miƙa jirgi ga maƙwabciyarta a kan lokaci, ƙasa ta bar ƙofarta a buɗe ko ta sanar in za ta rufe. Malaman makarantun Dakoro da ƙungiyoyin raya al'adu suna da kalmomin bayyana wannan duka a cikin Hausa, burtali da zango da madugu da fito, kuma ɗaliban da suka tashi suna ganin yadda ake sasanta gona da garke sun riga sun san rabin darasin. Sauran rabin lissafi ne da kimiyyar yanayi da Ingilishin aiki, waɗanda ake koyarwa a Yamai tun 1963.